Hugh Everett: Ɗalibin da ya ce duniya tana rassa, manyan malamai suka juya masa baya

A watan Yulin 1957 wata mujallar kimiyya ta Amurka mai suna Reviews of Modern Physics ta buga maƙala mai shafi tara da sunan wani matashi ɗan shekara 26, Hugh Everett III. A lokacin marubucin ya riga ya bar jami'a, yana aiki a ma'aikatar tsaron Amurka, wato Pentagon, inda yake lissafin yawan mutanen da za su mutu idan aka gwabza yaƙin nukiliya.

Maƙalar ta ce idan aka bi lissafin da masana ke bayyana halin ƙwayoyin zarra da shi har ƙarshensa, ba tare da an yi masa ƙari ba, to duk sakamakon da lissafin ya ce zai iya aukuwa yana aukuwa. Kowane sakamako yana da nasa reshen duniya, kuma a kowane reshe akwai mai kallo da ke ganin nasa ne kaɗai ya faru.

Aka yi sama da shekara goma kusan babu wanda ya tanka masa. Everett bai ƙara wallafa sabon bincike a wannan fanni ba har ya mutu a 1982 yana da shekara 51. A yau ra'ayin nasa, wanda ake kira fassarar duniyoyi da yawa, yana cikin manyan amsoshin da masana ke jayayya a kansu game da ma'anar kimiyyar kwantam, ilimin da aka ƙera ƙwaƙwalwar wayar da ke hannunka da shi.

Yaron da ya rubuta wa Einstein wasiƙa

An haifi Hugh Everett ranar 11 ga Nuwamban 1930 a birnin Washington. Mahaifinsa injiniya ne da ya zama hafsan soja har ya kai muƙamin kanar, mahaifiyarsa kuma marubuciya ce. Auren iyayen ya mutu tun yana ƙarami. Ya fara zama a hannun mahaifiyarsa, daga baya ya koma gidan mahaifinsa da matar uba.

Yana ɗan shekara 12 ya aika wa Albert Einstein wasiƙa kan wata tsohuwar tambaya mai ɗaure kai: me zai faru idan ƙarfin da babu mai iya tare shi ya ci karo da abin da babu mai iya motsa shi? Einstein ya ba shi amsa a watan Yunin 1943. Ya shaida masa cewa babu irin waɗannan abubuwa biyu a zahiri, sannan ya zolaye shi da cewa da alama akwai wani yaro mai taurin kai da ya ƙirƙiro wa kansa matsala don ya ratsa ta.

Bayan makarantar sakandare mai tsarin soja a Washington, ya shiga Jami'ar Katolika ta Amurka ya karanta injiniyancin sinadarai, ya kammala da sakamako mai daraja a 1953. Gwamnati ta ba shi tallafin karatu, ya wuce Jami'ar Princeton da ke jihar New Jersey.

A sashen lissafi ya fara, inda ya duƙufa kan lissafin dabarun fafatawa, ilimin da ke auna yadda abokan hamayya biyu ke zaɓar mataki, kowa na hasashen abin da ɗayan zai yi. Sojojin Amurka na matuƙar son wannan ilimi a zamanin. Daga baya ya koma sashen fiziks, ya zama ɗalibin Farfesa John Archibald Wheeler, wanda shi ne ya duba kundin digirin Richard Feynman shekaru kafin nan.

Matsalar da manya suka rufe da tabarma

Tsakanin 1925 da 1926 Werner Heisenberg na Jamus da Erwin Schrödinger na Ostiriya suka samar da lissafin da ke bayyana halin abubuwa mafi ƙanƙanta: ƙwayar zarra, ƙwayar lantarki da ƙwayar haske. Lissafin ya yi aiki fiye da yadda aka zata. Da shi aka gano yadda za a ƙera taransista, wanda biliyoyinsa ke cikin wayar zamani, da hasken leza, da ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan.

Sai dai akwai wata ƙura a cikinsa. Ɗauki gilashi irin mai duhun nan na mota, wanda ke barin rabin haske ya wuce, ya mayar da rabi baya. A harba masa ƙwayar haske guda ɗaya tak. Hankali zai ce ko dai ta wuce ko ta dawo. Lissafin Schrödinger kuwa cewa yake yi ta shiga halin da ya haɗa duka biyun. An kuma tabbatar da haka a ɗakunan gwaji: idan aka sake haɗa hanyoyin biyu a gaba ba tare da an leƙa ba, sakamakon da ke fitowa ba ya yiwuwa sai idan hanyoyin biyu duka sun yi tasiri.

Amma da zarar an ajiye na'urar ganowa a kowace hanya, ɗaya ce kawai ke yin ƙara. Ba a taɓa ganin rabin ƙwaya a nan rabi a can ba. To ina ɗaya sakamakon ya tafi?

Littattafan koyarwa sun warware wannan da doka biyu, kamar yadda John von Neumann ya tsara a littafinsa na 1932. Muddin ba a auna abu ba, yana bin lissafin Schrödinger, yana riƙe da duk yiwuwar da yake da ita. Da an auna shi, sai yiwuwar ta rushe nan take, guda ɗaya ta rage. Niels Bohr na Denmark, wanda cibiyarsa da ke birnin Copenhagen ce alƙiblar wannan ilimi, ya ƙara da cewa dole a bayyana na'urar awo da harshen tsohuwar kimiyya ta manyan abubuwa, kuma neman sanin abin da ƙwayar ke yi kafin a auna ta tambaya ce marar amfani.

Ba kowa ya gamsu ba. Einstein ya mutu a 1955 bai yarda an gama magana ba. Schrödinger kansa ya kawo misalin kyanwa a 1935: a rufe ta a akwati da gubar da ƙwayar zarra ɗaya za ta iya saki, sai lissafin ya ce kyanwar na raye kuma a mace har sai an buɗe. Ya kawo misalin ne don ya nuna akwai abin da bai daidaita ba. Amma yawancin masana sun ga lissafin na ba su amsa daidai, sai suka ci gaba da aikinsu.

Amsar Everett

Bohr ya ziyarci Princeton a ƙarshen 1954 tare da mataimakinsa Aage Petersen. A wata hirar dare da Petersen da abokin karatunsa Charles Misner ne Everett ya fara juya tunanin da ya zama kundinsa.

Tambayarsa mai sauƙi ce. Na'urar awo da ƙwayoyin zarra aka yi ta. Idon mai kallo da ƙwaƙwalwarsa ma haka. To me ya sa za a ce ƙwaya ɗaya na bin wata doka, tarin ƙwayoyi kuma na bin wata? A ina iyakar take, kuma wa ya shata ta?

Ya kawo misalin mutum biyu. Na farko yana cikin ɗaki a rufe, ya yi awo, ya rubuta sakamako a littafinsa. Na biyu yana waje, sai bayan mako guda ya buɗe ƙofa. A wurin na waje, ɗakin da mutumin da littafin duk tarin ƙwayoyi ne da ba a auna ba, don haka suna riƙe da sakamako biyun har ranar da ya leƙa. Na ciki kuwa ya san tun makon jiya ya ga sakamako ɗaya. Dokar rushewa ba ta faɗi wanda ke da gaskiya a cikinsu ba.

Everett bai ƙara wa lissafin komai ba. Cirewa ya yi. Ya jefar da dokar rushewa, ya bar lissafin Schrödinger ya hau kan komai, har da na'ura da mai kallo da sararin samaniya baki ɗaya. Abin da ya fito shi ne: idan ƙwayar haske ta taɓa na'ura, na'urar ma tana shiga hali biyu. Idan mutum ya dubi na'urar, shi ma haka. A ɓangare ɗaya akwai ƙwayar da ta wuce, da na'urar gaba da ta yi ƙara, da mutumin da ya ji ta. A ɗaya ɓangaren akwai ƙwayar da ta dawo, da na'urar baya, da mutumin da ya ji wannan. Kowanne na da tarihi ɗaya har zuwa lokacin awon, kuma kowanne zai rantse sakamako ɗaya ya gani.

Bishiyar rimi, wadda Unguwar Rimi ta Kaduna ke amsa sunanta, za ta taimaka wajen hango abin. Gindi ɗaya ne, amma kowane reshe idan ya waiwaya zai ga hanya ɗaya miƙaƙƙiya daga shi zuwa saiwa, kuma rassan da suka rabu ba sa komawa su haɗe.

Akwai kuskuren da finafinai suka yaɗa a nan. Everett bai ce duniya na rabuwa saboda shawarar da mutum ya yanke ba. Wanda ya tsaya a bakin titi a Unguwar Rimi yana tunanin ko ya nufi Kawo ko Kasuwar Barci, tunanin nasa ba shi ke tsaga duniya ba. Rassan na fitowa ne a duk inda wani abu na matakin ƙwayar zarra ya bar tasirinsa a kan manyan abubuwa, ko da mutum a wurin ko babu. Kuma bisa lissafin, babu hanyar tsallakawa daga reshe zuwa reshe ko aika saƙo.

Tsakanin ɗalibi da malamin malami

A farkon 1956 Everett ya miƙa wa Wheeler kundi mai shafi 137. Wata ma'aikaciya a Princeton ce ta buga masa shi da keken rubutu, kuma ita ya aura a ƙarshen shekarar.

Wheeler ya ga ƙarfin aikin. Yana neman hanyar da za a haɗa kimiyyar kwantam da nazarin sararin samaniya gaba ɗaya, inda babu wani mai awo da ke tsaye a waje, kuma tsarin Everett ya dace da wannan buƙata. Amma Wheeler almajirin Bohr ne. Ya yi karatu a cibiyarsa a tsakiyar shekarun 1930, kuma tare suka rubuta shahararriyar maƙalar 1939 kan yadda cibiyar zarra ke tsagewa. Bai so ɗalibinsa ya fito da abin da dattijon zai ƙi.

A watan Mayun 1956 Wheeler ya ɗauki kundin ya kai Copenhagen da kansa. Bohr da mutanensa suka ƙi shi. A ganinsu Everett na neman warware matsalar da babu ita. Wheeler ya shiga rubuta wasiƙu yana lallashin ɓangarorin biyu, har yana nuna wa mutanen Copenhagen cewa ɗalibin nasa ba ƙalubalantar koyarwar Bohr yake yi ba. Everett kuwa a nasa wasiƙun bai ɓoye cewa yana ganin koyarwar a matsayin gurguwa ba, tunda ta raba duniya gida biyu ba da hujja ba.

Aka dakatar da digirin. A farkon 1957 malami da ɗalibi suka zauna suka zaftare kusan kashi uku cikin huɗu na kundin. Misalin da Everett ya taɓa bayarwa na ƙwayar halittar amiba, wadda ke tsagewa biyu kowace ta ɗauka ita ce ta asali, bai samu shiga ba, domin Wheeler na ganin zai jawo masa dariya. An sassauta kalaman suka, an sauya take zuwa mai laushi. Ya kare guntun kundin a watan Afrilun 1957, aka buga shi a Yuli tare da gajeren sharhin Wheeler.

Kafin a buga, masani Bryce DeWitt ya karanta ya rubuto cewa lissafin ya yi kyau, amma shi bai taɓa jin jikinsa ya rabu biyu ba. Everett ya tuna masa da waɗanda suka ƙaryata Copernicus saboda ba sa jin ƙasa na juyawa, alhali dokokin motsi da kansu sun bayyana dalilin da ya sa ba za a ji ba. Ya cusa wannan hujja a ƙasan shafi lokacin gyaran ƙarshe. A nan ne ya faɗa a fili cewa duk rassan gaskiya ne, babu wanda ya fi wani.

Lissafin gawawwaki a Pentagon

Everett bai jira hukuncin Copenhagen ba. A watan Yunin 1956 ya karɓi aiki a wani rukunin masana da ke tantance makamai ga manyan hafsoshin sojan Amurka. Albashin ya fi na jami'a, kuma aikin ya kare shi daga shiga soja dole. Cikin 'yan shekaru ya zama shugaban sashen lissafi na rukunin.

Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurka da Tarayyar Sobiyat na tara bama-bamai. Everett da abokin aikinsa George Pugh suka yi nazarin abin da ƙurar nukiliya za ta yi idan aka yi babban yaƙi, wato gubar da iska ke kwasa bayan fashewa ta zubar a garuruwan da bam bai taɓa ba. An wallafa wani ɓangare na binciken a mujallar Operations Research a 1959, kuma ya nuna ɓarnar za ta zarce abin da mutane da yawa ke zato.

Wannan bincike ya yi amfani ta fuska biyu. Linus Pauling, masanin sinadarai da ke fafutukar hana gwajin makaman nukiliya, ya ambaci sunan Everett da Pugh a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a watan Disamban 1963, ya kafa hujja da alƙalumansu. A ɗaya hannun, irin wannan lissafi ne masu tsara yaƙi ke buƙata don sanin inda za a jefa bam ya fi yin kisa. Everett ya shafe shekaru yana rubuta manhajojin kwamfuta da ke kwaikwayon yaƙin nukiliya, kuma yawancin aikin an rufe shi a matsayin sirrin ƙasa.

Makonni shida a Copenhagen

Wheeler bai daina matsa masa ya je ya gana da Bohr ido da ido ba. A watan Maris na 1959 Everett ya tafi Copenhagen da matarsa da ƙaramar 'yarsu, ya yi kusan mako shida.

Ganawar ba ta haifar da komai ba. Bohr na da shekara 73, ya shafe shekara talatin yana kare matsayinsa. Everett ba mai yawan magana ba ne, kuma ba mai lallashi ba. Léon Rosenfeld, na hannun daman Bohr, ya riƙa bayyana shi a wasiƙunsa na baya a matsayin wanda bai fahimci ko abu mafi sauƙi a fannin ba. Everett ma daga baya ya ce tafiyar tun farko ba ta da alamar nasara.

Amma bai dawo hannu rabbana ba. A otal ɗin da ya sauka ya tsara wata dabarar lissafi, inda ya faɗaɗa tsohuwar hanyar Joseph-Louis Lagrange, masanin ƙarni na 18. Dabarar na amsa tambayar da kowane ɗan kasuwa ya sani: jari kaɗan ne, wurin ajiya kaɗan ne, kayan da za a iya saya kuma dubbai, yaya za a raba? Hanyar Everett ita ce a sanya wa kowane abu mai ƙaranci farashi na wucin gadi, a warware kowace ƙaramar matsala ita kaɗai, a yi ta gyara farashin har lissafin ya daidaita. An buga ta a 1963, kuma ta ba kwamfutocin lokacin damar warware matsalolin da a da suka fi ƙarfinsu.

Wannan dabara ce ta ciyar da shi. A 1964 shi da abokan aikinsa suka kafa kamfanin Lambda, mai yi wa ma'aikatar tsaro bincike, sannan a 1973 ya kafa wani kamfanin sarrafa bayanai mai suna DBS. Sau ɗaya a waɗannan shekaru ya fito ya kare ra'ayinsa a gaban manya, a wani taro a Jami'ar Xavier da ke Cincinnati a watan Oktoban 1962, inda Paul Dirac da Eugene Wigner ke cikin mahalarta. Bayan wata ɗaya Bohr ya mutu.

Wanda ya musa shi ne ya tono shi

DeWitt, mutumin da ya ce bai taɓa jin ya rabu biyu ba, shi ne ya dawo da maganar. Bincikensa kan yadda za a bayyana sararin samaniya baki ɗaya da lissafin kwantam ya kai shi inda Wheeler ya taɓa tsayawa: idan duniya duka ake aunawa, wa zai tsaya a waje ya yi awon?

A watan Satumban 1970 ya rubuta maƙala a mujallar Physics Today, wadda masana da yawa ke karantawa, ya bayyana ra'ayin da kalmomin da Wheeler ya guje wa. Shi ne ya yaɗa laƙabin duniyoyi da yawa. Everett kansa sunan da ya sa wa aikinsa a 1957 yana magana ne kan halin abu gwargwadon halin mai kallonsa. A 1973 DeWitt da ɗalibinsa Neill Graham suka fitar da littafi a maɗaba'ar Jami'ar Princeton, wanda ya ƙunshi dogon kundin Everett. Shekara 17 ke nan bayan rubuta shi kafin jama'a su gan shi.

A shekarar 1970 ɗin dai wani Bajamushe, Dieter Zeh, ya fara bayyana abin da ya rage wa Everett: dalilin da ya sa rassan ba sa jin juna. Babban abu kamar kyanwa ko na'ura kullum iska da haske da zafi na taɓa shi, kuma kowace taɓawa na kwashe labarin halin da yake ciki ta watsa. Cikin ƙasa da ƙiftawar ido hali biyun sun rabu yadda ba za a iya sake haɗa su ba. Wojciech Zurek ya faɗaɗa wannan bincike a shekarun 1980, kuma yau har masu adawa da Everett na amfani da shi.

A 1977 aka gayyaci Everett Jami'ar Texas da ke Austin, inda Wheeler da DeWitt ke koyarwa a lokacin. Ya tuƙo iyalinsa a mota tun daga Virginia, aka kuma ba shi izini na musamman ya sha sigari a zauren lacca. A karon farko ya ga ɗaki cike da matasa masu ɗaukar maganarsa da muhimmanci. Cikinsu akwai David Deutsch daga Birtaniya, wanda a 1985 ya wallafa maƙalar da ta zama ɗaya daga cikin tubalan ilimin kwamfutar kwantam, kuma bai taɓa ɓoye cewa tunanin Everett ne ya kai shi can ba.

An yi maganar dawo da Everett fagen bincike, amma bai dawo ba. Wheeler kuma daga baya ya janye goyon bayansa a fili, yana ganin ra'ayin ya ɗauko kayan falsafa masu nauyi.

Baƙo a gidansa

A gidansa da ke McLean a jihar Virginia, Everett mutum ne da ke zaune amma kamar ba ya nan. Yana shan sigari kwali-kwali a rana, yana shan giya sosai, jikinsa ya yi nauyi, kuma ba ya son zuwa wurin likita. 'Ya'yansa biyu sun taso ba su san mahaifinsu ya taɓa yin wani abu da duniya za ta tuna ba.

Ranar 19 ga Yulin 1982 zuciyarsa ta buga yana kwance a gado. Ɗansa Mark, mai shekara 19, shi ya tarar da shi. Mark, wanda daga baya ya yi suna a matsayin jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Eels, ya sha faɗin cewa ƙoƙarin tayar da gawar a safiyar nan shi ne kusan karon farko da ya tuna ya taɓa jikin mahaifinsa.

Everett bai yi imani da wani addini ba. Ya bar wasiyya a ƙone gawarsa a zubar da tokar a shara. Matarsa ta ajiye tokar na wasu shekaru kafin ta cika wasiyyar. 'Yarsa ta mutu a 1996, matarsa a 1998, Mark ya rage shi kaɗai da akwatunan takardun da bai buɗe ba.

A 2007, shekara 50 da fitowar maƙalar, mujallar Nature ta sa batun a bangonta, masana suka yi taro a kansa a Jami'ar Oxford, BBC kuma ta yi fim inda Mark ya bi sawun mahaifinsa yana tambayar tsofaffin abokansa. Daga akwatunan nan ne ɗan jarida Peter Byrne ya samo rubuce-rubucen farko na kundin da wasiƙu, ya fitar da tarihin rayuwar Everett a 2010.

Ina aka kwana?

Har yau ba a yanke hukunci ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam don cikar ilimin shekara 100, amma masu amfani da shi ba su daidaita kan abin da yake faɗa game da zahiri ba.

Masu goyon bayan Everett, irin su Deutsch da David Wallace da Max Tegmark da Sean Carroll, na cewa tsarinsa ne mafi ƙarancin dokoki, tunda doka ɗaya ce maimakon biyu. Masu suka na cewa an rage doka ɗaya an sayo duniyoyin da ba su ƙirguwa, kuma babu wanda zai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Suka mafi nauyi ita ce ta ƙiyasi. A ce gilashin nan na barin kashi 90 cikin 100 na haske ya wuce. Idan duka sakamakon biyu na faruwa, me kashi 90 ke nufi? Everett ya amsa cewa rassan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ya nuna yadda za a auna nauyin. Deutsch da Wallace sun sake gina hujjar da lissafin yanke shawara, ɗan'uwan ilimin da Everett ya fara da shi a Princeton. Wasu sun gamsu, wasu na ganin an shigo da amsar ne ta bayan gida.

Akwai abu ɗaya da zai iya rusa ra'ayin gaba ɗaya: a gano cewa rushewar nan gaskiya ce, wato akwai girman da abu zai kai ya daina bin lissafin Schrödinger. Roger Penrose na Oxford na cikin masu hasashen haka, yana ganin ƙarfin nauyi ne ke jawo ta. Shi ya sa masu gwaji ke ta ƙara girman abin da suke sanyawa a hali biyu. A 1999 masana a birnin Vienna sun yi nasara da dunƙulen da ke da ƙwayar zarra 60. A 2019 sun kai dunƙule mai ƙwayar zarra kusan 2,000. A duka gwaje-gwajen lissafin Schrödinger ya tsaya daram, kuma iyakar da Everett ya tambayi inda take tun 1956 ba ta bayyana ba tukuna.